Akwatin da Kawu Ya Tsare wa Bajamushe

Ƙarar yagar takarda na fara ji. Ƙyat, sai shiru, sai kuma ƙyat. Ina tsugune a ƙofar madafa ina tankaɗen garin gumbar sadakar uku, kwana biyu ke nan da aka kai Kawu makwancinsa. Gidan cike yake da mata, ga luguden daka, ga kukan jarirai, amma ƙarar nan ta ratsa komai ta same ni. Daga ɗakin Kawu ta fito, kuma na san in ka ɗauke Alƙur'aninsa, takarda iri ɗaya ce ta rage a ɗakin.

Na ajiye rariya na je na ɗaga asabari. Babban ɗan Kawu ne, taubashina, zaune a kan buzun mahaifinsa. Akwatin ƙarfen da Kawu ya daɗe yana tsarewa a buɗe, yana ninka takarda gida huɗu yana yagawa. A gabansa wani masunci da na sani a Gashua ya durƙusa ya tara hannu biyu. A kusurwar da Kawu yake salla kuwa an jingine kwandon banda, ƙudaje sun riga sun same shi.

Na ce, "Yaya, me kake yi haka?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ke 'yar boko, saki labulen nan. Maganar maza ce."

Masuncin ya karɓi ƙyallen takarda ya ɗora a goshi, ya cusa a hula, ya fita yana godiya.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗi haka ranar da direban lori ya tsaya a ƙofar gidanmu a Gashua ya ce in shirya, Kawu ya cika. Ranar na faɗa da kuka. Wannan karon na faɗa ne da takaici.

Ashe ni kaɗai ce ban sani ba. Da na koma cikin mata na kasa kunne, sai na tarar zancen ya daɗe da dahuwa. Wata goggonmu, wadda ta fi kowa ƙarfin kuka ranar jana'iza har sai da aka riƙe ta, ita ce take cewa ƙasa-ƙasa, "Ashe tsohon yana da abinsa. Ina ce ma, mutum ya shekara saba'in haƙorinsa ko ɗaya bai faɗi ba?" Wata ta ce ai hatimin Turawa ne, shi ya sa fata ba ta taɓa ruɓewa a hannunsa. Wata ta ce ita da idonta ta ga yana kulle ƙofa duk shekara yana ganawa da aljanu. Goggon ta jawo zanena ta ce, "Ke da kike ta hannun damansa, ki samo mini ko ɗan kusurwa ne. Jikana yana yawan firgita." Hawayen jiya bai gama bushewa a fuskarta ba.

A zaure kuma, aka ce mini, malamai sun rabu biyu: masu so su samu, da masu cewa a tara takardun a cinna musu wuta kafin a yi addu'ar uku, don kada a roƙa wa mai shirka gafara da kayan shirkarsa a ɗaka. Mai shirka. Kawu. Tir da bakin da ya iya furta wannan.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kawu ne ya sa ni a makarantar 'yan mata lokacin da dangi suka ce ya haukace, to bari karatun ya yi masa rana ɗaya.

Yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni da mahaifina ya rasu, kuma saboda sunan tsohuwarsu aka sa mini, bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Sana'arsa zaɓen fata a kantin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Ya kan shafa fatar akuya sau ɗaya ya gaya maka ko da wuƙa mai kaifi aka feɗe ta, ko a inuwa ta bushe, ko mai ita ya shafa mata yashi don ta yi nauyi. Wari kuwa, sai wanda ya zauna da shi. Kullum da ya dawo sai ya wanke hannu da toka, ya sake da lemon tsami, ya shinshina, ya sake, kafin ya yarda ya taɓa allo ko kan yaro. Yana cewa, "Warin sana'a ba abin kunya ba ne, amma ba a kai wa Ubangiji shi."

Ba shi da yawan magana, kuma ba ya son kiɗa. Ko kalangun mahauta ya biyo layinmu, tashi yake ya shige ciki. Wannan mutumin ne Allah ya haɗa da makaɗi.

Bature ne, Bajamushe, aka kawo shi kantin a matsayin akawu 'yan shekaru bayan jirgi ya iso garin. Ina 'yar ƙarama amma ina tuna shi: dogo, siriri, wuyansa ja kamar na angulu, kullum da hankici a hanci. Bai san komai a kan fata ba. Kawu ne yake aikin, shi yana sa hannu. Mutanen tasha suka sa masa Mai Kunne, domin yana cikin magana da kai sai ya ɗaga yatsa ya daskare, wai yana sauraren yadda tarago yake gogar tarago.

Labarinsa a bakin Kawu na ji, shi ma a guntu-guntu ya same shi. Ɗan mai gyaran agogo ne. Tun yana yaro aka ba shi ga masu koyar da kiɗa, ya girma ya zama ba mai kaɗawa kawai ba, mai ƙirƙira: shi zai zauna ya rubuta, wasu mutum arba'in su taru su kaɗa abin da ya rubuta. An taɓa cika wani babban ɗaki a birninsu don a ji nasa, rabin mutanen suka yi tafi, rabi suka yi ta fito da baki suna buga kujeru. Da sababbin masu mulki suka hau, suka ce irin kiɗansa ƙazanta ne, suka hana a kaɗa, suka raba shi da aikin koyarwa. Ya bar ƙanwarsa guda a can, ya karɓi aikin da ya samu, aikin ya jefo shi ƙarshen layin dogo, cikin ƙirgi da ƙaro.

Yana da wani akwatin kiɗa mai haƙora farare da baƙaƙe, ana taka shi da ƙafa yana nishi. Da la'asar in an rufe kanti sai ya zauna a kansa. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ganga, ba amshi, ba a kiran sunan kowa. Inda kunnenka yake jiran a sauka, nan za a hau. Kawu yana cewa, "Kamar an ɗaure kyanwa da zakara a buhu guda an jefa a rijiya." Ya taɓa tambayarsa, "Maigida, ciwo ne yake sa ka, ko da gangan kake yi?" Baturen ya yi dariya har ya share ido, ya ce da gangan ne. Ya nuna masa: muryoyi goma sha biyu ne, kuma ba wadda za ta sake fitowa sai sauran sha ɗayan sun wuce. Kawu ya ce, "Kamar layin awon gyaɗa. Ba mai komawa kan sikeli sai kowa ya auna." Baturen ya buga cinya ya ce duk birninsu ba wanda ya gane da sauri haka. Kawu ya ce, "Adalci ne. Amma babu daɗi."

Sun taɓa zuwa Gashua sayen fata da kaka. Baturen ya ga masunta sun hau gora a kogi suna bubbuga ta suna koro kifi, sai ya manta da fata. Ya shiga cikin taɓo har gwiwa da takarda a hannu, ya tsaya tun hantsi har azahar yana ɗiga baƙaƙen ɗigo a kan layuka. Da ya fito, matsattsaku bakwai ne a ƙafafunsa, sun sha sun ƙoshi, bai ma sani ba. Kawu ne ya tsuguna ya ciccire su da garin taba yana tsaki. Rubutun nan ne Kawu yake kira kashin ɓera a kan layin dogo.

Sau ɗaya suka yi faɗa, kuma a kan wannan faɗan ne komai ya rataya, don haka ku saurara.

Wata rana Kawu ya dawo daga sallar la'asar ya ji akwatin nan yana nishi da wata murya da ya sani. Ya tsaya. Kiran sallar ladanin unguwarmu ne, yadda yake ja, yadda yake karyawa, an cusa shi a tsakiyar kyanwa da zakara. Baturen ya juyo fuskarsa cike da murna, ya ce wannan ne abu mafi kyau da ya ji a ƙasar nan, ya rubuta shi tsaf. Kawu ya ciro mabuɗin sito daga wuyansa ya ajiye a kan tebur, ya tafi gida.

Kwana tara bai je ba. Fata ta taru tana wari, dillalai suna ta cusa wa Baturen ruɓaɓɓu yana karɓa. Inna, matar Kawu, ta ce hatsin rumbu ya kusa ƙarewa. Kawu ya ce, "Ya ƙare." A rana ta goma Baturen ya zo ƙofar gidanmu da ƙafa, cikin rana, yara na biye da shi. Ina leƙe ta ramin zana. Ya ce, "Malam, ban yi don raini ba." Kawu ya ce, "Na sani. Amma kira ne, ba waƙa ba. Wanda ya ji shi tashi yake yi, ba tafi ba." Baturen ya daɗe a tsaye. Sai ya zaro takarda daga aljihu, ya yaga ta biyu, ya sake yagawa, ya miƙa wa Kawu da hannu biyu. Daga baya ya ce wa Kawu masu mulkin ƙasarsu ba su iya sa shi ya yaga ko shafi ɗaya ba. Kawu ya kai guntayen wa ladan, suka ƙone su tare.

Da babban yaƙi ya tashi, da tsakar rana aka zo da 'yan doka biyu aka ce duk Bajamushe a tattara shi. Kawu ya kan girgiza kai ya ce, "Can sun kore shi don ba nasu ba ne, nan sun kama shi don nasu ne." Jaka ɗaya aka yarda ya ɗauka. Ya jawo akwatin ƙarfen da duk rubutunsa na shekara da shekaru yake ciki, ya tura gaban Kawu.

Kawu ya ce, "Maigida, ka san ba na son abin nan."

Ya ce, "Shi ya sa. Mai so zai buɗe, ya taɓa, ya gyara mini. Kai ba za ka taɓa ba. Zan dawo, ko ƙanwata ta aiko."

Kawu ya ce, "Na karɓa."

A tasha duk waɗanda suka ci arziki a kantin nan suka tsaya nesa kamar mai kuturta ne. Kawu kaɗai ya ratsa 'yan doka ya miƙa masa dafaffen ƙwai da dabino a ƙunshe ta tagar tarago. An kira shi ofis an yi masa tambayoyi kwana biyu saboda ƙwan nan. Aka rufe kantin, aka yi gwanjon akwati mai nishi. Ba mu sake jin Mai Kunne ba. Wasu sun ce ya mutu a sansani, wasu sun ce a teku. Bayan yaƙi na rubuta wasiƙa har uku zuwa ƙasarsu a madadin Kawu da Turancina na makaranta, ba amsa. In an ce ya haƙura sai ya ce, "Ban ga gawa ba, ban ga magaji ba."

To ga asirin da goggo take nema. Akwatin yana kan duwatsu huɗu, kowane dutse a cikin toka, saboda gara. Duk shekara kafin ruwan farko, Kawu zai kulle ƙofar sashensa don kada iska ta kwashi takarda, ya shimfiɗa tabarma, ya jera shafukan a rana, kowanne da tsakuwa a kansa. Ni ce mai ɗora tsakuwa. Bai iya karanta lambar Bature ba, don haka daga dama yake jerawa, daga dama yake kwashewa, kada ɗaya ta wuce 'yar'uwarta. Sai ya sa sabon ganyen taba ya rufe. Yana yi yana tsaki. Da na dawo hutu na gaya masa wata malamarmu ta koya mana yadda ake karanta irin ɗigon nan, ya ce in rera masa. Na gwada, na kasa wuce ɗigo biyar. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Uwata. Kada Allah ya sa ki iya."

Kusan shekara ashirin yana haka. An nemi akwatin a sa kayan biki, ya hana. Da takarda ta yi wuya lokacin yaƙi, mai tsire ya roƙa, ya hana. Ya kan ce, "Amana ba ruwanta da daɗi. Da abin da kake so kawai ake ba ka, ai da ba a kira shi amana ba, sai kyauta."

Wannan ne ɗansa na cikinsa ya zauna a kan buzunsa yana yagawa yana musaya da kifi.

Na koma ɗakin. Na ce, "Yaya, ka san ko mene ne wannan? Kiɗa ne."

Ya ce, "Kiɗa a takarda? To kaɗa mu ji. Boko dai ta gama da ke." Ya rage murya. "Wanda ya karɓa jiya ya wanke ya sha, yau da safe komarsa har ta yage don kifi. Ke ina ruwanki? Tsoho ya ci moriyarsa shi kaɗai, ya hana mu. Yanzu gadona ne."

"Ba gadonka ba ne. Ba na Kawu ba ne ma."

"To na wa? Na Baturen da kifin teku ya cinye? Je ki ji da gumbarki."

Wasa tsakanina da shi tun muna yara, ba abin da ban taɓa gaya masa ba. Ranar na dube shi na rasa ko zagin da zan yi. Ƙyama ce kawai, irin wadda kake ji in ka ɗaga murfin tukunya ka tarar da tsutsa.

Washegari da safe maza suka cika zaure don addu'a. Na ji Liman da kansa yana cewa a fito da akwatin, wuta ce maganinsa. Ban taɓa ɗaga murya a zaure ba tunda aka haife ni. Na yafa mayafi na tsaya a bayan zana.

Na ce, "Allah gafarta Malam, 'yar marigayi ce. A ba ni izinin tambaya ɗaya."

Wani ya ce, "Subhanallahi, mace?" Liman ya ce, "Bar ta. Yi, 'yata."

"Kafin a ba Malam limanci, wane ne ladanin unguwar nan?"

"Ni ne."

"Muryar wa Baturen kanti ya rubuta, har Kawu ya bar aiki kwana tara?"

Sai Liman ya ce, "Ku miƙo mini shafi ɗaya." Na ji ƙarar murfin akwati. Na ji tsoho yana jan numfashi. Ya ce, "Layi biyar-biyar. Kashin ɓera. Wallahi shi ne. Irinsa muka ƙona ni da shi a bayan masallaci." Ya ci gaba da cewa, "Mutumin da ya zaɓi yunwa a kan a yi wasa da kiran salla, shi na bari aka kira mai shirka a zaurensa, ina zaune. Astagfirullah."

Daga can cikin ɗakin takaba, Inna, wadda ba ta yi magana ba tun ranar rasuwar, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "A tambayi wanda ya yaga, guda nawa ya yaga."

Liman ya yanke hukunci a take. Ba gado ba ne, ba a raba shi. Ba na marigayi ba ne, ba a ƙona shi. Amana ce, tana nan har mai ita ko magajinsa ya zo, sai dai a sami mai karɓa. Ya tambaya sau uku. Mutanen da jiya suke rububin kusurwa, yau kowa ya sunkuyar da kai yana duban carbinsa. Masuncin nan ya fita waje yana ta tofar da yawu, wai an shayar da shi garaya. Goggo ta ce ita dama tun farko ba ta yarda ba.

Na ce, "Na karɓa." Ban ma tambayi maigidana ba, Allah ya ba shi haƙuri, ya kuma ba shi lada, don da aka gaya masa cewa ya yi kawai, "Sai a nemo duwatsu huɗu."

Shafi goma sha ɗaya ne babu. Wasu suna cikin masunta, wasu baduku ya ɗinke su a fata suna rataye a wuyan jarirai daga nan har Jakusko. Na bi gida uku na roƙa, aka ce ba a san zancen ba. Abin da gara ta kasa, da yaƙi, da yunwa, ɗa ya yi shi a yini biyu. In Mai Kunne ya dawo, ban san da wane baki zan gaya masa ba. Na bar gurbinsu a jeri, ba na matsar da na kusa su rufe.

Ya Allah, Ka ga hannun da yake wankewa sau uku kafin ya taɓa littafinKa. Ka wanke shi fiye da haka. Ka yalwata masa kabari, Ka tsare shi yadda ya tsare abin da ba ya so saboda ya ce ya karɓa. Mu kuma da muka ci gumbarsa muna cin namansa, Ka yafe mana in muna yafuwa.

Makon jiya hadari ya fara haɗuwa ta gabas, na kulle ƙofa na shimfiɗa tabarma. 'Yata 'yar shekara bakwai ta tsuguna kusa da ni da tsakuwa cike da zanenta. Ina jerawa daga dama, tana ɗorawa. Da muka zo gurbin farko ta tsaya, ta dube ni, ta ɗora tsakuwa a kan tabarmar da babu komai. Muka ci gaba. Can ta ce:

"Umma, in kin mutu mai kayan bai zo ba, ni ce zan riƙa shanyawa? To ki bar ni in jera da kaina yau, kada in manta ta inda ake farawa."